Gwaggo Dudu da Uwayen Cikin Fim

Ku da kuka san Gwaggo Dudu ta Roni, yayar babanmu, ai kun san ba a kunna kallo a gabanta ta yi shiru. Da hoto ya bayyana, ko na sojoji ne ko na takin zamani, sai ta gyara zama a kan 'yar kujerar tsugunon nan tata, ta tura goro gefen kumatu, ta ce, "To, ina uwarsa?" Shekarar da aka karɓi mulkin kai masu majigi suka nuna mana wani dogon Bature da gashin tsuntsu a hula yana sara wa tuta. Sai muryar Gwaggo: "Wannan da ganin ƙwaurinsa an yi masa gaggawar yaye. Ina uwarsa take?"

Ba laifinta ba ne. Ungozoma ce, rabin Roni ita ta yanke musu cibiya, saboda haka duk wanda ta kalla, jariri take gani wanda ya yi tsawo.

Dawowar masu majigin nan ita ce har yau ake ba da labari. Ina budurwa lokacin. Aka ɗaura farin ƙyalle a filin kasuwa, aka sa fim ɗin ma'aikatan lafiya na yadda ake kula da jariri. Ga wata mata ta haihu, kafin ka ƙifta ido ga ta a tsaye, ta kafa ɗaurin kallabi tana shanya. Gwaggo ta miƙe zumbur, inuwarta ta rufe rabin ƙyallen.

"Ke! Koma ki kwanta! Wa ya yi miki wanka?"

"Gwaggo, a zauna!" in ji jama'a.

"Ba zan zauna ba. Ɗanyen jiki ne da ita, ko ganyen darbejiya ban ga an tsoma a ruwan zafi ba. Yarinyar nan ba ta da dangi ne?"

Ta ɗauki kujerarta ta zagaya bayan ƙyallen don su yi magana irin ta mata. Ta tarar da katanga da wani jaki a ɗaure. Ta dawo tana jinjina kai, ta raɗa mini, "Hajo, sun ɓoye ta."

Washegari da safe ta dama kunun kanwa ƙwarya guda, ta kai har gindin motar masu majigi, ta ce, "Ga na mai jego." Direba ya dubi mai bayani, mai bayani ya dubi direba. Can dai mai bayanin ya ɗauko wani faffaɗan gwangwani da ake ajiye fim ɗin a ciki ya ce, "Inna, ai matar tana cikin nan."

"A nan? Har da jaririn?"

"Har da shi."

Gwaggo ta daɗe tana kallon gwangwanin, sannan ta ce, "Shi ya sa ba jini a fuskarta." Ta ajiye ƙwaryar ta yi tafiyarta. Su suka shanye kunun, kuma kun san halin kanwa a cikin wanda bai saba ba. An ce kafin su kai Gwiwa babu kurmin da ba su gaisa da shi ba.

Da arzikin mai ya shigo ƙasa, ina aure a Kazaure, maigidana ya je Makka ya dawo da talabijin da bidiyo da wani janareta mai ƙarar tsiya. Kullum bayan la'asar matan unguwa su cika mini tsakar gida kallon fim ɗin Indiya. Gwaggo ta zo yi mini wankan jegon autana, da niyyar in an yi arba'in ta koma Roni. Sai da yaron ya fara rarrafe tana nan.

Ranar farko ta yanke hukunci cewa tana jin yarensu. Kun san kakarmu Bafilatana ce. Ta ce, "Fillanci ne, nisan tafiya ne ya lalata shi. Dubi hanci, dubi shanu!" Daga nan ta zama tafintarmu.

"Gwaggo, me ya ce?"

"Ya ce a dama masa fura."

"Haba Gwaggo, bindiga ce fa a hannunsa."

"To mai bindiga ba ya jin yunwa?"

Amma uwayen cikin fim ɗin ne suka fi ɗaure mata kai. Wata ta saki hannun ɗanta a tashar jirgin ƙasa, yaro ya ɓace. Mu muna sharar hawaye, Gwaggo tana tafa hannu: "Ikon Allah! Ƙyallen da matar nan ta naɗa a jiki ya isa goyon tagwaye har da majanyi, amma ta rasa na ɗaure ɗa guda a baya!" Sai ga yaron yana gudu, aka nuna ƙafafunsa, da aka ɗago sai ga ƙato mai gashin baki.

"A tsaya! Wane ne wannan gardin?"

"Yaron ne ya girma, Gwaggo."

"Yaushe? Goron bakina ko ɗaci bai saki ba! Wa ya yi masa kaciya? Wa ya sa shi makaranta?"

"A fim haka ake yi."

"In gudu ne ke girmar da yaro, da 'ya'yan Roni duk sun yi gemu."

Akwai wata dattijuwa mai farin mayafi da Gwaggo ta ƙaunata, don ita kaɗai ta ga tana niƙa tana tankaɗe. A ƙarshen fim matar ta mutu a hannun 'ya'yanta. Wallahi Gwaggo ko tuwo ba ta ci ba. Ranar uku ta tashi ta soya waina, ta raba wa maƙwabta sadaka. Na ce, "Gwaggo, matar nan fa ba ki san ko addininta ba." Ta ce, "Na san ta yi naƙuda. Ya isa."

Ba a jima ba maigidana ya kawo sabon kaset daga Kano. Ana kunnawa sai ga dattijuwar nan garau, a wani gida mai bene, da wani miji, da wasu 'ya'yan. Goro ya faɗo daga bakin Gwaggo.

"Hajo, ba wannan muka yi wa sadakar uku ba?"

"Ita ce, amma wannan wani fim ɗin ne daban."

"Waɗancan 'ya'yan fa, da muka bari suna kuka?"

"Ai ba 'ya'yanta ba ne na gaske."

"To waɗannan ne na gasken?"

"Su ma ba nata ba ne."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi talabijin, ta sake duba na. "To ita uwar wa ce?"

Ta yafa mayafi ta nufi gidan liman, tambayarta ɗaya: ina ladan wainarta ya tafi? Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya nemi a sake masa bayani daga farko, aka sake, ya ƙara ruɗewa. Daga ƙarshe ya ce lada dai ba ya ɓata. Gwaggo ta ce, "To Malam, a juya shi ga marigayiya Ladi ta Yankwashi. Ita na tabbata ta mutu, ni na yi mata wanka."

Abin da ba ta taɓa yafe wa uwayen fim ba shi ne rashin kunya. Ta ga uwa ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa gatsau, ta rungume shi gaban jama'a, sai Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, tana leƙe ta gefe tana salati. Ita kam ɗanta na fari, Yaya Habu direban babbar mota, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan," shi ke nan. Ya dawo daga Ikko da atamfa da sabulu ya durƙusa, ta dubi bango ta ce, "An iso? A ba shi ruwa." Shi kuwa duk garin da ya sauka sai ya shiga sinima. Wata rana ya ce mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Hajo, anya tsohuwar nan ita ta haife ni? Na ga yadda uwayen mutane suke yi."

Damina na tsakiya motarsa ta kife a hanyar Ɓaɓura, aka kawo shi asibiti a Kazaure da karaya a cinya da haƙarƙari. Lokacin Gwaggo ta koma Roni. Da labari ya iske ta ba ta tsaya jiran mota ba, da ƙafa ta kamo hanya, sai wani mai babur ne ya tsince ta ya ƙaraso da ita. Ta shigo ɗakin, zani duk taɓo, ta zauna a ƙarshen gadon ta ba shi baya. Ba ta ce masa sannu ba. Ni ta tambaya, "Wancan ya ci wani abu?" Amma na ga hannunta ya shige ƙarƙashin bargo, ta riƙe babban yatsan ƙafarsa gam, har aka kira magariba ba ta saki ba. Yaya Habu ya juya fuska, hawaye na bin kunnensa. Gwaggo ta ce, "Kin gani? Kallon fim ya lalata shi."

Ana gobe za a sallame shi ta same ni a madafa, ta yi ta kame-kame, sannan ta rage murya.

"Hajo, wannan abin da suke yi, rungumar nan. Ta ina ake farawa?"

Na ƙunshe dariya na nuna mata. Ta gwada a jikin buhun gero, ta ce buhun ya fi shi ƙiba amma ta gane.

Aka kawo Yaya Habu gidana yana dogara sanda. Gwaggo ta miƙe a tsakar gida, ta ware hannuwa biyu, ta runtse ido, ta nufo shi tana tangaɗi. Yaya Habu ya saki sanda ya ƙwala ihu: "Ku kawo ruwa, Inna za ta faɗi!" Ya tare ta, ita ma ta cafke shi, suka tsaya a haka, kowannensu na zaton shi ke riƙe da ɗan'uwansa. Sun jima ba wanda ya saki. Da ta ga mun zuba musu ido sai ta kama kunnensa ta murɗe, ta ce, "Ƙato da kai, dubi dattin bayan kunne!"

Shi ya ba ni labari daga baya, bayan mun kai ta makwancinta. Ya ce kafin ta murɗe kunnen sai da ta kai bakinta kusa, a hankali yadda ba wanda zai ji, ta ce, "Habu."

Allah ya jiƙan Gwaggo Dudu, ya haskaka kabarinta. Hannun nan da ya karɓi 'ya'yan mutane suna shigowa duniya, Allah ya karɓe shi da rahama, ya sada ta da tata uwar a Aljanna. Amin.