Ƙasar da Gara Ba Ta Ci

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, gab da faɗuwar damina. Muna zaune a tsakar gidanmu da ke gefen Omdurman ta yamma: ni da innarmu da ƙanwata da mijinta. Ƙanwata tana ɗauke da ciki na uku. Biyun farko sun zube, kuma ba ita kaɗai ba ce a layinmu. A asibiti likita ta tambaye ta ko akwai masana'anta ko juji kusa da mu, ko an taɓa yin su a da. Ƙanwata ta ce ba ta sani ba.

Na ce, "Inna, me ke wurin nan kafin ku zo?"

"Fili ne fetal. Ko akuya ba ta kiwo a cikinsa. Kana zaton da mai kyau ne za a bar wa Hausawa?"

Kowace shekara kafin ruwa mukan yaɓe gidaje da zibala, wato laka da kashin dabbobi. Ƙasar kuwa daga wani rami muke ɗebo ta, bayan masallaci, kuma muna alfahari da ita. Gara ba ta cin ta, tururuwa ba ta hawa bangon da aka yaɓe da ita. Mata sukan daɓe ɗaki da ita, har su barbaɗa ta a buhun dawa don kada ƙwari su shiga. Idan ta jiƙe takan yi wari kamar na kananzir. Mun saba da shi.

Na fara bincike da ofishin filaye a Khartum. Ma'aikacin ya shimfiɗa taswira, ya sa aka kawo mini shayi.

"Ya ustaz, tamu daga ranar rabon filaye ta fara. Kafin nan fili na Allah ne."

Na koma wurin dattawan da ke zama a ƙofar masallacinmu. Ɗaya ya ce sansanin soja ne, wani ya ce masaukin raƙuma. Na uku, tsohon direban babbar mota, ya ce shekarar da fara ta yi ɓarna ya ga ana sauke ganguna a nan, na maganin feshi, kuma bai ga ranar da aka kwashe su ba.

"Kai da ba ka tuna abin da ka karya da shi yau?" in ji na farko. Suka yi dariya, har da shi.

Washegari ni da mijin ƙanwata muka shiga ramin da shebur. Ba mu kai ƙugu ba ƙarfe ya amsa. Ganga ce da tsatsa ta cinye, cikinta wani abu rawaya ya daskare, gefenta kuma ga bakin wata gangar. Idanuna suka kama zafi. Shi ya hau sama ya yi amai.

Na kai ƙasar a kwalba wurin wata malamar jami'a mai gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito ta ce tsohon maganin ƙwari ne, irin wanda ke daɗewa a ƙasa bai mutu ba. Na tambaye ta ko shi ya zubar da cikin. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba, amma da 'yarta ce ba za ta sake kwana a ɗakin ba.

Na faɗa wa Inna kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ban rage ba.

"A kan ƙasar nan na haife ku duka, ga ka nan ƙato kamar bijimi," ta ce. Sannan ta dubi ɗakin ƙanwata, wanda da hannunta ta daɓe shi lokacin biki. Can ta ce wa surukinta, "Ɗana, ɗauke ta. Kai ta wurin mutanenku."

Da safe suka tafi Jabal Awliya. Mu kuma muka ɗaura ƙyalle a hanci muka kankare bango da daɓe, muka zubar da dawar. Maƙwabta kaɗan suka yi yadda muka yi. Sauran suka ce ruwa ya ƙarato, wa zai tuɓe gidansa yanzu?

Ƙanwata ta haihu can, lokaci bai cika ba. Mace ce, ƙarama ƙwarai, ta jima a asibiti kafin a sallame su. Tana raye. Uwarta ba ta taɓa kawo ta unguwarmu ba.