Ranar da Aka Ce Jagorana Ya Tsaya a Rana

Idanuna sun tafi a hankali. Wasullan ajami ne suka fara ɓace mini, daga baya baƙaƙen suka bi su. Alhamdu lillahi a kowane hali. 'Yata, wadda ke aikin likita a Doha, ta ɗauko ni na zauna da ita a unguwar Madinat Khalifa, kuma ita ce ta samo mini kare mai horo, irin wanda ke yi wa makafi jagora.

Da fari na ƙi shi. Sai korona ta zo. A gida makaho ba ya rasa hannun kamawa, amma a Dohar lokacin annoba kowa janye jikinsa yake yi. Ita kanta 'yata, in ta dawo daga aiki, daga bakin ƙofa take cewa, "Baba, sannu da gida." Na tuna abin da muka karanta a zaure, cewa kare mai rai ba najasa ba ne a mazhabarmu. Na yi bismilla na kama ragamarsa.

Ranar da zan karɓi allurar rigakafi tana bakin aiki, muka tafi ni da karen wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Lokacin zafi ne, hantsi ya ɗaga. A ƙofa mai gadi ya duba shaidar lafiya a wayata, ya auna zafin jikina, sannan ya ce cikin Larabcinsa na kasuwa:

"Haji, kai shiga. Kare, a'a."

"Idona ne," na ce.

"Kare ne, Haji. Ina ganinsa. Ga ƙarfe can waje, ɗaure shi."

Na tambaye shi wa ya hana. Ya ce shugaba. Ina shugaban? Ba ya nan. 'Yata ta taɓa gaya mini cewa a ƙasashe da dama doka ta hana a tare irin wannan kare a ƙofa, amma ba ta tabbatar da yadda abin yake a nan ba. Na kira ta, ba ta ɗauka ba.

Tsoro ya kama ni ta gaba da ta baya. Daɓen da muke tsaye a kai ya ɗau zafi har ina jin sa ta takalmi. Ina jin karen yana haki, farcensa na ƙwanƙwasa ƙasa, yana ɗaga wannan ƙafa yana ajiye waccan. In na ɗaure shi a nan, ban san a wane hali zan fito in same shi ba, ni kuma ba ni iya komawa gida sai da shi. In na shiga ni kaɗai, an ce akwai alamomi a ƙasa inda kowa zai tsaya, ba na ganinsu. Zan yi ta karo da mutanen da ke gudun numfashin juna. Ina ta hasbunallahu a zuci.

Ba dabara ba ce, rasa abin yi ne ya sa na miƙa wa mai gadin hannu.

"To, ɗana, riƙe ni ka kai ni. Ka zauna da ni har a gama."

Na ji takalminsa ya ja da baya. Hannuna na nan a miƙe. Wani a bayana ya yi tari, mutanen da ke layi suka ƙara watsewa.

"Haji, nisa, nisa!"

"Ko kai ko shi," na ce.

Can ya ce, "Yalla, shiga. Da sauri, kada a gan ku."

Ƙofa ta buɗe, sanyi ya buge mu. Karen ya ja ni ciki, ya kwanta a kan ƙafafuna har aka kira ni.

Na san ba haƙƙina ne ya buɗe ƙofar nan ba, tsoron mai gadi ne. Shi ya sa da aka cire takunkumi, gari ya cika da baƙin gasar ƙwallon duniya, kowa na murna, ni gabana ke faɗuwa. A ƙofar wani kanti a unguwar Al Asmakh, wani saurayi ya tare mu da fara'a.

"Baba, bar karen a waje. Kawo hannunka, ni zan kai ka."

Na ƙara damƙe ragamar. Muka juya gida ba mu sayi komai ba.