Haƙora Goma Sha Biyu a Guangzhou

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanyar Abuja, don daga can jirginmu zai tashi. Mu biyu ne, ni da wani abokina mai harkar takalma, wanda zuwa Sin ya zame masa kamar zuwa Zariya. Ni kuwa wannan ne karona na farko, kuma ba sari zan je yi ba. Bakanike ne ni, shekarata ashirin da bakwai ina kwanciya ƙarƙashin mota, kuma wasu ƙarafa guda biyu ne kacal suka fitar da ni daga Kano.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Akwai wani Alhaji da nake gyara wa motocin kamfaninsa, kuma gaskiya rabin aikin garejina nasa ne. Yana da wata tsohuwar motar Amurka, baƙa, mai silinda takwas, atomatik mai giya uku, irin wadda in ta yi gurnani sai kajin unguwa su watse. Injinta lafiya lau, amma tashinta babu kuzari. Ya taɓa ɗaukata a ciki in ji da kunnena. A danja wani ɗan sahu ya riga mu tashi, har ya waiwayo ya dube mu. Na ga jijiyar wuyan Alhaji ta miƙe.

Matsalar tana aksul na baya. A cikinsa akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin giya mai juya shi, mu a garejinmu uwa da ɗa muke ce musu. In ka raba haƙoran uwa da na ɗa, lambar da ta fito ita ke gaya maka sau nawa farfela, wato sandar da ke kawo juyin inji baya, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Na motar Alhaji 2.73 ne, lamba ta mai doguwar tafiya a natse. In lambar ta yi sama mota za ta zabura da wuri, amma inji zai riƙa ihu a babban titi. Da akwai giya ta huɗu da sai ta kwantar da shi, to wannan babu. Na auna tsayin taya, na zauna da biro, lissafina ya tsaya a kan 3.42. Na nema a Kano da Legas ban samu ba, shi ne Alhaji ya biya mini kuɗin jirgi ya ce in je inda ake ƙerawa.

Tun daga Kwanar Dangora har Kaduna abokina barci yake, ni kuwa kunnena na kan injin motar hayar da muka shiga. Duk inda hanya ta yi kyau direban ɗari da ashirin yake kwantawa, kuma haka Alhaji yake yi. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, domin ita mota don hanyar da za ta bi ake shirya ta.

Mun yada zango a Addis Ababa, sannan muka yi zaman da ya fi awa goma a sama, har ƙafafuna suka kumbura. Da muka sauka Guangzhou zafi ne ya fara tarbar mu, wani irin zafi mai jiƙa riga kafin ka yi taku goma. Tituna kuwa hawa-hawa, gada a kan gada, babu rami ko ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shiru. Yawancin tasi da bas ɗinsu na lantarki ne, sai dai ka ga mota ta wuce ka kamar ta yi fushi da kai. Na ce wa abokina in wannan abu ya iso Kano, masu gyaran salansa sai su koma gona.

Masaukinmu yana unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, inda za ka ji Hausar Kano, ta Damagaram da ta Kumasi a layi ɗaya. Ranar farko muka shiga shagon wasu Musulmin Sin masu taliyar da ake ja da hannu. Aka kawo mini kwano shaƙe da romo da 'yan yankan naman sa siraran da za ka iya hango mutum ta cikinsu. Da na tambayi kuɗi abokina ya ce kwai goma sha biyar. Na ce ni ban ci ƙwai ba. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya gaya mini ai sunan kuɗinsu ke nan a bakin 'yan kasuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kwai uku zuwa biyar zai kai ka inda za ka, kuma babu kwandasta mai cewa a matsa. Taliyar ta yi daɗi, amma sai da na zazzaga mata yajin da uwargida ta ƙullo mini.

Abokina ya haɗa ni da wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai tura kaya ta ruwa, wanda ya daɗe a garin har Sinanci ya zauna a bakinsa. Shi ya raka ni kasuwar kayan mota da ke arewacin gari. Na ɗauka na san kasuwar kayan gyara, ashe ban ga komai ba. Layi guda injuna ne zalla, wani ƙofofi, wani giyabos jere kamar buhunan hatsi a Dawanau. Kwana biyu muna yawo da hoton aksul a wayata, kalma ɗaya nake ji: meyo, wato babu. Har na fara faɗarta tun kafin mai shago ya buɗe baki. A ranar ta biyu na koma masauki jikina a sanyaye, ina tunanin da wace fuska zan koma Kano hannu biyu.

Rana ta uku aka kwatanta mana wani shago can ƙuryar kasuwa da ke aika kayan tsofaffin motoci zuwa Amurka. Mai shagon mace ce, gajeriya, mai saurin magana. Dattijon nan, da yake Hausar zango ba ta raba mace da namiji, sai ya ce mini, "Lawban ya ce yana da shi." Lawban shi ne mai gida a bakin mutanen Sin. Na yi ta waige ina neman mijin, ashe ita yake nufi. Ta sa aka sauko da kwali, a jikinsa an manna takarda an rubuta 3.42 ɓaro-ɓaro. Zuciyata ta yi fari tas.

Sai dai ni ba na sayen giya ban ƙirga ba, haka aka koya mini. Na zaro guntun alli daga aljihu, na yi bisimilla, na shafa wa haƙori ɗaya na uwar, na bi su da yatsa har na dawo kan allin. Arba'in da ɗaya, daidai. Matar ta tafa hannu ta fara jawo salatif za ta rufe kwali. Na ɗaga mata hannu na ɗauko ɗan. A irin wannan aksul, uwar 3.42 da ta 4.10 duk haƙora arba'in da ɗaya ne, a wurin ɗa bambancin yake. Na shafa alli na ƙirga, goma. Na sake, goma. Sha biyu ya kamata in samu. Kayan 4.10 ne aka sa a kwalin da ba nasu ba.

Matar ta hau faɗa, tana buga takardar kwalin da yatsa. Dattijo ya ce, "Malam, ya ce kwamfuta ne ya buga, kwamfuta ba ya kuskure." Na ce ya gaya mata ban yi musu da kwamfuta ba, amma haƙora ga su nan, ta sa yatsa.

Muna cikin haka waya ta shigo. Alhaji ne, su can gari ya waye, mu nan la'asar ta yi. Ya ce ɗan wani amininsa da ya yi karatu a Amurka ya duba, ya ce 4.10 masu irin motar suke sawa, don haka shi zan sayo. Ga 4.10 a hannuna, da allina a jiki. Da na ce to, da an gama, in biya in tafi, kowa ya yi murna. Na ce, "Ranka ya daɗe, su can tseren 'yan mitoci suke yi su kashe mota. Kai Kaduna kake zuwa. Da wannan, a ɗari da ashirin injinka zai kusa juyi dubu huɗu a minti, tun daga Kano har ka isa. Zai sha mai kamar rami, zai yi zafi, kuma ba zai daɗe ba."

Sai ya ce, "To ka yi yadda ka ga dama. Amma in ba ta yi mini ba, ita da sauran motocin duk za su bar garejinka." Ya kashe waya.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Mutum tara ke cin abinci a garejin nan, ban da iyalina. Na tsaya riƙe da ƙarfen nan. Amma na san lissafina, kuma na san in na sa abin da zai kashe injin nan, ba sunan ɗan aminin Alhaji za a kira ba, nawa za a kira.

Hayaniyarmu ce ta fito da wani tsoho daga bayan shagon, sanye da singileti, hannunsa baƙi ƙirin da giris, farcensa irin nawa. Ya karɓi ɗan giyan, ya ga allina, ya ɗago ya dube ni. Sai ya laluba aljihun wandonsa ya fito da nasa guntun allin. Ya ƙirga a hankali, ya juya ya gaya wa matar wata magana gajeriya, nan take ta daina faɗa. Ya shiga ciki ya daɗe, ya dawo da wani kwalin. Muka tsuguna ni da shi a ƙasa, shi yana ƙirgawa da Sinanci ni da Hausa, muka tsaya tare a kan sha biyu. Ya nuna mini lambar da aka zana a jikin uwa da ɗa, iri ɗaya, alamar tare aka wasa su. Ya tambayi tsayin taya da giya nawa motar take da su, dattijo ya fassara, na miƙa masa takardar lissafina. Ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce, "Shifu."

Dattijon Kumasi ya ce, "Malam, ka san abin da ya kira ka? Gwanin sana'a, wanda ake koyo a wurinsa." Wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na yi tafiyar da ta fi nisa a rayuwata, na tarar da mutumin da ba ma jin maganar juna, amma ya ga aikina ya gane ni. Matar ma ta huce, ta zuba mana shayi a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, ta sa aka sauko da sauran kwalayen ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya ƙara mini da ɗan gwangwanin rawayan fenti da ake shafa wa haƙora a ga yadda suka zauna, ya ƙi karɓar ko kwai ɗaya.

Sauran kwanakin na bi abokina Baima, katon ginin tufafi, na saya wa iyali kaya. Da muka auna jaka nauyi ya wuce, sai na ba dattijo tufafin ya sa a kwantenarsa da za ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ƙarafan kuwa na naɗe su da rigunana. Uwargida da ta buɗe jaka ta ga tsarabar da na fifita, kallon da ta yi mini ya ishe ni.

Kwana biyu na yi ina ɗaura ƙarafan a motar Alhaji, ina shafa fenti ina kwancewa, har sawun haƙoran ya zauna a tsakiya. Na canza ɗan giyan maleji don kada ya yi ƙarya. Na ce wa Alhaji sabon giya sai an lallaɓa shi, ya yi sati biyu a cikin gari ba gudu. Sati biyun nan ko gaisuwata da kyar yake amsawa. A cikinsu na yi ta juya abin da tafiyar ta koya mini. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban, sai ka sa hannu. Kuma cewa a'a ga mai gida, in ka san gaskiyarka, yana cikin aikin da yake biyanka ka yi.

Ranar Asabar da hantsi, bayan na canza man aksul, ya ce in shigo. A danjar farko ya taka totur, taya ta yi ƙara, bayana ya manne da kujera. Da muka hau titin Zariya ya kwanta ɗari da ashirin, allura ta tsaya dubu uku da 'yan kai, inji na gurnani a natse, zafi bai motsa ba. Haka muka yi ta tafiya har muka wuce Kura. Can sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya fita, ya zagayo ta ɓangarena ya buɗe ƙofa. Motar nan tun da ya saye ta, ko direbansa bai taɓa zama a gaban sitiyarinta ba, mu ma a gareji turawa muke yi.

Ya ce, "Malam, koma can. Kai za ka mai da mu gida."