Takalmin da Muka Ɗora wa Laifi

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Isiyaku makwancinsa, amma bana ne kaɗai na ji kamar in je in tashe shi. Sauran shekarun addu'a muke yi masa, a raba waina a ƙofar gidanmu na unguwar Yara a Keffi, kowa ya kama gabansa. Bana kuwa tambaya ce ta faɗo mini, irin wadda uba ya kamata ya amsa. Ɗansa Nasiru, wanda na riƙe tun bai shiga firamare ba, wani kamfanin saƙa na Kaduna ya aiko yana so ya ɗauke shi ya buga musu ƙwallo, a ba shi aiki a masaƙa. Shekara ɗaya ta rage wa yaron ya gama kwaleji. Wakilin kamfanin ya ce in yanke shawara kafin ya koma, don yara masu ƙafa sun yi yawa a ƙasar nan, ba za su zauna jiran ɗaya ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne mutumin nan bai taɓa ganin Nasiru a gasa ba. Atisayen bazara kawai ya kalla, ya tsaya a bakin fili da baƙin tabarau yana gyaɗa kai. Ni kuwa na san atisayen bazara na garin nan, na san abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa, domin a kan ubansa na koya.

A shekarar da aka sami 'yancin kai muna kwaleji ni da Yaya, yana gaba da ni da aji ɗaya. A bazara ake shirya 'yan wasa, kafin gasar kwalejoji da ake farawa in ruwa ya sauka. Da la'asar sakaliya ake fita, ƙasa ta bushe kamar daɓe, kowa ƙafarsa ba takalmi. 'Yan gari su zo daga Liman Abaji da sauran unguwanni su zauna a inuwar mangwaro, suna sha suna kallo. Gurbin da aka fi zuba wa ido shi ne na mai raba ƙwallo a tsakiyar fili, wanda kowane hari sai ya bi ta ƙafarsa, shi ke cewa a nufi dama ko hagu. In shi ya rikice, sauran goman ma sun rikice. Mutum biyu ke neman gurbin a waccan shekarar: Yaya, da wani Bitrus, ɗan tsohon soja daga Agwada.

A gaskiya babu wanda ya ɗauki abin takara. Bitrus mai nauyin jiki ne, ba ya magana, in ƙwallo ta zo masa sai ya tura wa na kusa da shi ya koma inda yake. 'Yan kallo Turmi suke ce masa. Yaya kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ka rantse da zare ya ɗaure ƙwallon a babban yatsansa. Yakan wuce mutum uku yana dariya, ya juyo ya tambayi na ƙarshen ko ya gaji. Masu sayar da rake har kyauta suke ba ni don ni ƙanensa ne, ni da ko gudu ban iya ba. Kafin hadarin farko ya haɗu, malamin wasanni ya ba shi gurbin, ya ƙara masa da kyaftin.

A shekarar ne kuma aka fara kawo wa makarantar takalman ƙwallo, masu ƙusoshi, fatarsu tauri kamar ƙirgi. Dokar gasa ta ce kowa ya shiga da takalmi. Sai hukumar makaranta ta kulle su a sito don kada su lalace kafin ranar. Yau in na ba da labarin nan yara dariya suke yi, amma a lokacin babu wanda ya ga aibun haka. Dukanmu mun tashi ne a gidajen da ake ajiye kayan salla a akwati sai ranar salla. Da safen wasan farko aka buɗe sito, aka miƙa wa kowa nasa.

Ba na son tuna wasan nan. Wata kwaleji ce ta zo daga can wajen tsaunuka, samari majiya ƙarfi da ba su san Isiyaku ba, ba su kuma damu su san shi ba. Ƙwallo ta riƙa zuwa masa tana tsallake shi. Wadda ya tare sai ya yar da ita kamar ta ƙona shi. Mutanen da suka saba kiran sunansa suka yi tsit, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Aka ci mu a gida. Daga wasa na biyu aka sa Bitrus, wanda tun yana yaro yake jan tsofaffin takalman sojan ubansa zuwa gona, ya ci gaba da tura wa na kusa da shi kamar yadda ya saba, muka yi ta cin wasa ba armashi. Ƙarshen damina aka kira shi ƙungiyar lardi.

Gari ya yanke hukunci tun a ranar: takalmi ne. An ga ƙafar Yaya duk bororo da aka cire safa, magana ta ƙare. Da wannan muka rarrashi kanmu, da shi mahaifiyarmu ta rufe bakin maƙwabta, da shi kuma Hajara, wadda ya aura bayan ya gama, ta yi ta renon Nasiru. Har yau a bakin kasuwa akwai dattijon da zai tare ni ya ce da an bar Isiyaku ya buga da ƙafarsa, da sai an ji sunan Keffi a Ikko.

Yaya bai taɓa musa musu ba, bai kuma taɓa faɗin hakan da bakinsa ba. Aka tura shi koyarwa a firamare, kuma cikin ikon Allah sai a Agwada, garin su Bitrus. Can ya riƙa tara yara yana koya musu ƙwallo bayan an tashi. Abin da ya ba ni mamaki, bai yabon kowa a atisaye. In yaro ya yi abin burgewa, sai ya sa wanda ya fi kowa ƙarfi ya tsare shi, ya ce kada ya saurara masa. Na taɓa ce masa wannan ai mugunta ce. Ya ajiye maganar sai da muka kama hanyar tasha, yana tura kekensa yana raka ni, rana ta yi sanyi.

"Kai ma ka yarda takalmi ne?" in ji shi.

Na ce ai kowa ya ga ƙafar.

"Takalmin ya ci ƙafata, ban ce a'a ba. Amma tun kafin in ɗaure igiyarsa gwiwata ta yi sanyi. Da na ga mutanen can suna saukowa daga mota, na san babu abokina a cikinsu."

Ya ce duk bazarar nan babu wanda ya taɓa kai masa ƙafa da gaske. Masu tsaron bayanmu abokan cin tuwonsa ne, suna ji da shi, ga malamin wasanni yana ta gargaɗi kada a ji wa kyaftin ciwo kafin gasa. Shi kansa bai san yana da tsoro ba sai da baƙon farko ya ɗauke shi sama ya ajiye, bai ko waiwayo ya ce sannu ba. Daga nan, in ji shi, ƙwallo ta zama abin da yake so ya rabu da shi. Ya ce atisaye yana nuna maka ƙafar yaro da numfashinsa, amma cikinsa sai ranar da ya gamu da wanda ba ya ƙaunarsa. Bai roƙe ni in rufa masa asiri ba, ni ne na ga ya dace. Shekara ba ta zagayo ba ciwon shawara ya kwantar da shi, ya tafi.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Kuɗin mai ya shigo, takalman da aka kulle a sito yanzu katan-katan ake sauke su, Nasiru kaɗai yana da takalmi ƙafa biyu. Ana ta auna daji a yamma da mu wai za a gina sabon birnin tarayya, samari suna ajiye littafi suna bin 'yan kwangila. Kowa sauri yake yi, har masu neman 'yan wasa ba su da haƙurin jiran damina. Ina jin Yaya zai yi murnar takalman. Saurin ne ban san yadda zai ɗauka ba, shi da ya san abin da zaɓen bazara ya jawo masa.

Na je na kalli atisayen da kaina, na tsaya nesa don kada yaron ya gan ni. Tafiyar ubansa ce, juyin ubansa, har dariyar. Gurbin ma shi ne. Ban kalli ƙafarsa sosai ba, ƙafafun masu tare shi na riƙa kallo, na kuwa ga abin da nake gudu: suna zuwa da gudu, in sun iso sai su janye. Suna son sa. Mutumin Kaduna yana can yana gyaɗa kai, shi bai ga komai ba sai gwaninta.

Da na ce masa ya dakata a fara gasa ya ga yaron a gaban baƙi, sai ya yi murmushi ya ce idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma satifiket ɗin da nake magana a kai, albashin masaƙa ya fi na mai shi. Hajara ma ta zo takanas daga gidansu. Ta zauna a zaure ta ce ita ba ta ga abin jinkiri ba, abin da takalmi ya hana uban, ai ga shi Allah ya kawo wa ɗan har gida. Ta ce ni dai tun fil azal matsoraci ne, ko akuya aka yanka sai na kau da kai. Wannan gaskiyarta ce, ban musa ba. Amma na kasa gaya mata cewa labarin da ta riƙe shekara da shekaru rabinsa ne kawai.

Tsorona a fili yake. In yaron ya gaji ƙafar ubansa haɗe da gwiwarsa, wasan farko a Kaduna zai tona, kamfani kuma ba makaranta ba ne da za a ce ya koma aji. Zai dawo ba ƙwallo ba takarda. In kuma na hana shi alhali bai gaji tsoron ba, na danne masa abin da ba lalle ya sake zuwa ba, a kan laifin da ba nasa ba. Na yi ta juya abin har abinci ya daina shiga.

A ƙarshe na kira Nasiru bayan sallar la'asar, muka zauna a dakalin ƙofar gida, na gaya masa duk abin da ubansa ya gaya mini a hanyar tasha. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na zaci zai yi fushi, ko ya ce ƙarya nake yi wa mamaci don in hana shi tafiya. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Baffa, da tsoron ya kama shi, fita ya yi daga filin?"

Tambayar ta ba ni kunya, domin ban taɓa yi wa kaina ita ba. A lokacin ba a canjin ɗan wasa. Wanda ya ji ciwo sai ya ɗingisa ya fita ya zauna, babu mai ganin laifinsa, kuma a ranar ma akwai wanda takalmi ya fitar tun kafin hutun rabin lokaci. Yaya yana da hujjar da ta fi ta kowa. Bai fita ba. Ana kayar da shi yana tashi, yana komawa tsakiyar fili inda ƙwallo za ta sake samunsa, har alƙali ya hura usur na ƙarshe. Na gaya wa yaron haka.

"To ni ma iyakar abin da zan iya yi maka alkawari ke nan," in ji shi. "Sauran ban sani ba, sai na je."

Na kwana biyu ina auna maganar, sannan na aika wa mutumin Kaduna na ce na yarda. Ban ce na yi daidai ba. Mai yiwuwa Yaya da kansa ya ce a jira damina, mai yiwuwa kuma ya ce ba a sanin cikin yaro sai an bar shi ya gamu da baƙi, a nan ko a can. Gari yana tuna shi da gwanintar bazara ɗaya da takalmin da ya cuce shi. Ni na daɗe ina tuna shi da tsoron da ya amsa a gabana. Sai bana ɗan da bai gama sanin fuskarsa ba ya nuna mini cewa abin da ya fi dacewa a riƙe na Isiyaku shi ne ya ji tsoron, ya kuma tsaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar Asabar da hantsi muka raka Nasiru tasha, ni da uwarsa. Tana ta fara'a tana gaya wa 'yan kamasho inda ɗanta za shi. Shi ma yana dariya, yana amsa kirarin abokansa da suka zo. Da direba ya tayar da mota, Nasiru ya durƙusa na sa masa albarka, na kama hannunsa in tashe shi. Hannun sanyi ƙalau, yana rawa. Ya dube ni, ya san na ji. Sannan ya zare hannunsa daga nawa, ya hau motar.