Rakia da Biskit ɗin Shofan

Aikin Hajji ne ya fito da Rakia daga Damagaram, sai Jidda ta riƙe ta. A 1979 ta samu aikin girki a gidan wani injiniya ɗan Ostireliya a unguwar Ruwais. A hannun matarsa ta koyi biskit ɗin shofan, hatsin nan da ake miyar shurba da shi lokacin azumi. Matar ta ce shi kakanninta ke gasa wa sojojinsu a zamanin yaƙi, don babu ƙwai a ciki, yana daɗewa bai lalace ba. Shofan ne da fulawa da kwakwa da man shanu, sai sukari ba ƙyashi.

Da yaƙin Kuwait ya taso, Turawan suka tattara suka tafi. Rakia ta sayi tsohon tanderun gas, ta kama ɗaki a unguwar Sharafiyya, ta ci gaba da gashi tana kai wa Othman mai shagon bakin layi. Da biskit ɗin ta raini 'yarta Lubabatu.

A 2006 likita ya ce Rakia tana da ciwon sukari. Ranar Lubabatu ta tsaya a ƙofar kicin.

"Halas, shi ke nan, Inna, kin daina. Ke da ba kya iya gashi sai kin ɗanɗana."

"Sukari likita ya hana ni," in ji Rakia. "Ban ji ya ambaci tanderu ba. Matsa min."

Ta cire sukari ta sa kirɓaɓɓen dabino, ta canja fulawa da garin alkama mai dusa, ta rage man shanu ta cike da man riɗi. Gashin farko ya marmashe a hannu kamar yashi. Na biyu ya nemi karya mata haƙori. Na ukun ya yi daɗi, amma da Lubabatu ta gwada mata jini, sukarin ya hau. Rakia ta rage dabino, ta ƙanƙanta biskit ɗin, ta sake kunna wuta.

Da ta kai wa Othman, wanda ke kiranta Khala, wato gwaggo, ya tauna ya yatsine fuska.

"Khala, wannan ai abincin asibiti ne. Ki yi mini irin na da, ki riƙe wannan ki ci."

"Abin da ya kayar da ni ba zan ɗura wa 'ya'yan mutane ba. Miƙo mini farantina."

Masu saye da yawa suka janye, kuma ba su dawo ba. Waɗanda suka fara ƙwanƙwasa mata ƙofa tsofaffin mata ne 'yan Nijar da Cadi masu irin ciwonta, ana tauna ana hirar gida. Cinikin bai taɓa kai na da ba. Ba ta taɓa neman shagon wani ba.

A 2012 Othman ya tare ta a hanyar asibiti, ya ce shi dai har yanzu na da ya fi masa daɗi.

"Ya fi daɗi," in ji Rakia. "Ni ma na sani. Ba zan yi ba."