Igiyar Shanyar Goggo

Da aka cire mini nonon dama saboda ciwon daji, na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe saura hannu. Kafaɗata ta ƙage, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Likitar gashin ƙashi ta ce in dinga shanya, ina taje kaina, ina jan yatsu a jikin bango, in ba haka ba hannun zai tsaya a haka har abada. Wannan magana ta tsorata ni fiye da wuƙar tiyata.

Sai ga Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Miga jinya a gidanmu na Takur. A wurinta mara lafiya ba ya ɗaukar ko ludayi. In na miƙa hannu ga tsintsiya ta fizge. In masu dubiya suka shigo, ta danna ni kan katifa ta lulluɓe ni, su ga irin kulawar da ake yi mini. Ban taɓa ganin ƙauna mai neman nakasa mutum irin wannan ba, ga shi ba halin yi wa babba musu.

Ranar komawa asibiti na ja ta muka tafi tare. Likitar ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Da muka shiga Keke mai ƙafa uku za mu koma gida, Goggo ta juyo gare ni.

"Wato in zauna ke kina wanki? A ce da ni me a Miga?"

Washegari Goggo ta kwanta, wai ciwon baya. Mai jinya ta koma majinyaciya. Ni ce wanki, ni ce shanya, ni ce dama mata fura, ina yi ina cizon leɓe don zafi da haushi. Masu dubiya suka koma yi mata sannu, tana amsawa da nishi. Cin tuwonta dai bai ragu ba.

Wata rana na dawo daga maƙwabta da wuri. Na tarar da mai ciwon baya tsaye a kan turmi, tana ƙara ɗaga igiyar shanya sama kaɗan. Sai a lokacin na lura da layin ƙusoshi a bangon, kowacce tana sama da 'yar uwarta. Na koma zaure na share hawaye, sannan na yi sallama da ƙarfi, na ba ta lokacin kwanciya.

Ranar da na ɗaura ɗankwalina da hannu biyu, Goggo ta dube ni daga kan tabarma.

"Ni ma bayan nan ya yi sauƙi. Gobe a kai ni tasha."