Tsofaffin Shanun Arɗo

A zamanin Nasara, da na gama lakkol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, kumandan, Baturen mulkinmu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ga alamar saniya ba za ta kashe ni da wuri ba, sai aka tura ni Yamai koyon aikin likitan bisashe. Can muka yi karatu a kan wata saniyar Faransa da aka zana a bango. Mai ladabi ce ƙwarai, ba ta taɓa harbin kowa ba.

Na dawo da kaki da akwatin allura. Inna tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya zama likita, in ta zo faɗin na bisashe ne sai tari ya kama ta.

Aikina shi ne yi wa shanu allurar bushiya, cutar da ke share garke, sannan in tsaga kunnen wadda aka yi wa. Makiyaya kuwa sun tabbata leƙen asirin jangali ya kawo ni. Duk ranar da na nufi wata ruga ta wajen Matankari, sai in tarar da kashin shanu yana tururi, shanun sun ƙetare iyaka sun tafi ziyara ƙasar Ingilishi. Arɗon rugar, dattijo mai fara'a, zai shimfiɗa mini tabarma, ya sa a kawo nono, sannan ya gabatar da wasu tsofaffin shanu marasa haƙori, ya rantse su ke nan dukiyarsa. Na tambaye shi ko su kaɗai suka yi wannan kashin.

"Malam, suna da ci," in ji shi.

Na yi musu allura. Ɗaya ta saka mini da kofato a gwiwa, har yau nakan san hadari kafin ya haɗu.

Da rani bushiya ta shigo yankinmu na Arewa. Na koma rugar, wari ya tarye ni tun daga nesa. Bijimai na kwance, tsofaffin nan masu tsagaggen kunne na tsaye suna tuƙa. Arɗo bai yi fara'a ba.

Shekara na zagayowa ya koro sauran garken da kansa, yana faɗa wa jama'a shi dama tun farko ya san amfanin allura. Nasaran da ke shugabantarmu, wanda bai taɓa taka rugar ba, aka rataya masa lambar yabo. Ni ma ba a manta da ni ba, aka ƙara mini ƙauyukan Tibiri.